Da Aka Ɗauki Yaron Yaye, Ni Aka Kai Ni Fadama

Ni ban taɓa cewa ina son shiga kwalekwale ba. A garinmu ruwan da na sani shi ne na rijiya, sai kududdufin bayan gari, shi ma daga baki muke tsayawa mu jawo bado da sanda. Abin da ya kai ni tsakiyar fadama a ƙasar Malesiya, hijabi jiƙe sharkaf, takalmi ƙafa ɗaya, yaye ne.

Lokacin muna zaune a wata unguwa da ake kira Wangsa Maju, can sama a wani dogon bene. Malam, wato maigidana, yana karatunsa a jami'a, ni kuma ina gida da yaron. Ɗan fari ne, shi ya sa ko a nan ba zan kama sunansa ba. Ya kusa shekara biyu amma bai san wani abinci ba sai nono. In na ba shi kunu ya furzar, in na ba shi shinkafa ya tara ta a kunci, sai na juya baya ya tofar a bayan kujera. Ya rame, ni ma na rame. Ranar awo ma'aikaciyar asibiti ta ɗora shi a sikeli, ta dube shi, ta dube ni, ta yi wata doguwar magana da ban ji ko ɗaya a ciki ba, amma fuskarta ta ishe ni.

Sai ga surukata, mahaifiyar Malam, da muke kira Gwaggo, ta kira mu a waya ta hoto. Ta tarar da shi maƙale a jikina.

Ta ce, "Au, har yanzu ƙaton nan yana sha? Ku bar wahalar da kanku. In kun zo hutu ni zan yaye shi, ai aikina ne."

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da maganar nan take nufi. Ɗan farin da kaka ta ɗauka yaye ba kasafai yake dawowa ba. Malam kansa a ɗakin kakarsa ya girma, bai koma gaban Gwaggo ba sai da ya isa shiga makaranta. Amma shi tsakaninsa da uwarsa katanga ɗaya ce. Ni in aka riƙe yaron a can, teku ne tsakaninmu, da jirgin da ake wuni a kwana a cikinsa. Kuma ba ni da bakin cewa a'a. Wace mara kunya ce za ta dubi surukarta ta ce ba ta iya rabuwa da ɗan fari? Na ce, "To Gwaggo, Allah ya kai mu." Ina ajiye wayar na shige banɗaki na kunna famfo.

Malam ba zai ja da Gwaggo ba, na sani, shi ma ya sani. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ki yaye shi kafin mu tafi. In ta ga yana cin tuwo, da wace hujja za ta riƙe shi?"

Faɗa da baki ba wuya. Na gwada. Na sayo wani garafuninsu mai ƙuraje a kedai, wato kantin da ke ƙasan bene, na matse ruwansa na shafa. Yaron ya lasa, ya yamutsa fuska, ya goge da bayan hannu, ya ci gaba da abinsa. Na liƙa filasta na ce masa ciwo ne, ya hura min iska a wurin don ya huce, sannan ya ɓanɓare. Duk ranar da na ƙudura hana shi, ba ya kai la'asar yana kuka na sare. Ɗaki da falo ne gidan, babu inda zan ɓuya, babu wanda zan miƙa wa.

Hajiya ce ta ce a kawo mata shi. Matar wani malamin jami'a ce, Bakatsiniya, ta girme ni sosai, 'ya'yanta mata duk a nan suka yi wayo, in ka yi musu Hausa su ba ka amsa da Turanci. A ƙasa da mu take da hawa ɗaya. Ranar Juma'a da safe na ba shi na ƙarshe, mijinta ya yi masa addu'a a ruwa, Hajiya ta saɓe shi ta sauka. Ta dawo ta naɗe min ƙirji da ɗankwali, ta ja ta ɗaure tam a baya.

Ta ce, "Kada ki kwance, kada ki tatse. Kuma in kika kuskura ya gan ki kafin ya haƙura, ni na cire hannuna."

Abin da ba mu lissafa ba shi ne ginin. Benen nan yana da wani rami a tsakiya tun daga ƙasa har sama, tagogin kicin duk nan suke kallo. Ko cokali aka yar a ƙasa sai an ji a sama. Wunin Juma'ar nan a bakin tagar na yi shi, ina jin muryarsa tana hawowa. Ban san sau nawa na zura hijabi na kai bakin ƙofa ba. Ashe ita ma Hajiya tana jin takuna a saman kanta. Ta kira Malam ta ce, "Gobe ka fitar da yarinyar nan daga gidan nan. Ka kai ta inda ba za ta iya dawowa da ƙafa ba."

Aka yi dace, ko in ce rashin dace, wani abokin Malam mai mota ya shirya kai amaryarsa wata fadama a bayan gari, wai a je a tuƙa kwalekwale. Da safiyar Asabar sai ga ni a kujerar baya. Nonon ya kwana ya cika, ya yi tauri kamar an cusa min duwatsu, ciwon har hammata. Duk ramin da motar ta faɗa sai na cije leɓe.

Amaryar 'yar boko ce, ita ma karatu take yi, ga fara'a. Ta juyo ta ce, "Maman beibi, yau kin samu 'yanci! Ko kewarsa kike yi?"

Na ce, "Wa? Yaron? Yana can abinsa." Na juya ina kallon gonakin kwakwar manja da muke wucewa, layi bayan layi, ba su ƙarewa.

Da muka isa na ga fadama ce, amma ba irin tamu da ake noman rake da albasa ba. An kewaye ta, an yi ƙofa, an kafa alluna masu zane: kada a ba biri abinci, kada a kama kifi, kada a tsinki ganye. Na tambayi Malam, to in ba a noma, ba a su, ba a ko yankar ciyawa, me ake yi da ita? Ya ce kallo. Na ce Allah mai iko.

Ruwan baƙi ne kamar shayin da aka manta a wuta, ga wani wari na ruɓaɓɓen ganye. Ba ka ganin ƙasansa ko a baki-baki. An jera kwalekwalen a kan katako, na roba ne, ja da rawaya, sirara kamar ɓawon gyaɗa. Su kayak suke ce musu. Na duba na ga babu inda mutum zai sa ko buta.

Mai kula da wurin mace ce, 'yar ƙasar, gajeriya kakkaura, da ɗan ƙaramin hijabi da ta cusa a wuyan riga, da usur a rataye. Ta rarraba mana rigar ruwa, irin mai soso a ciki da ke hana nutsewa. Da ta zo kaina ta dubi hijabina da ya sauka har gwiwa, ta girgiza kai, ta tattare shi ta cusa cikin rigar da hannunta. Sannan ta kama igiyoyin. Ta ja ta ƙasa, ta ja ta tsakiya. Da ta ja ta sama, wadda ta ratsa ƙirji, sai da na ga wuta. Ɗankwalin Hajiya a ciki, hijabi a dunƙule a kansa, ga wannan a sama.

Ta ce, "Boleh?" Wato ya yi?

Kalmominsu da na sani ba su wuce na cefane ba, Turancina kuma na gaisuwa ne. In zan gaya mata abin da ke damuna, sai ta bakin Malam. Malam kuwa yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da abokinsa. Ta yaya zan buɗe baki a gaban ƙaton namiji in ce a sassauta, nono ne ya cika min ƙirji?

Malam ya ce, "Lafiya? Na ga kin yi wani iri."

Na ce, "Lafiya lau." Na dubi matar na ce, "Boleh."

Ta ƙara ja kaɗan don ta tabbatar, ta buga min kafaɗa.

Aka karɓi wayoyinmu aka zuba a wata robar mai murfi, aka ɗaure ta a bayan kujerar Malam. Ni aka zaunar a gaba, shi a baya. Aka miƙo min filafili, wata doguwar sanda mai faffaɗan baki a kowane gefe. Matar ta nuna yadda ake yi a iska, ta tura mu cikin ruwa da ƙafa, ta shiga nata ita kaɗai.

Tun daga nan rigima ta fara. Wai na baya shi ke bin na gaba, duk gefen da na sa filafili nan zai sa. To ni hannun dama ba ya ɗaguwa sosai, nan ciwon ya fi. Sai in tsoma na hagu da ƙarfi, na dama in ɗan shafa ruwa. Kwalekwalen ya dinga juyawa yana komawa inda ya fito.

"Hagu. Dama. Hagu. Dama nake ce miki!"

"Ai damar na yi."

"Ba tuwo kike tuƙawa ba, ki daina nutsa shi har ƙasa. Sama-sama."

Na yi sama-sama, na watsa masa ruwa a fuska. Ban gani ba, tsakinsa na ji. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba na ganinsa, sai dai murya tana ba ni umarni ta ƙeya. Duk ɗagawar da zan yi, ruwa ya biyo sandar ya gangaro cikin hannun rigata. Kafin mu bar bakin gaɓa ina zaune a cikin ɗan tafki. Ango da amarya kuwa tuni sun yi nisa, filafilinsu na tashi tare yana sauka tare, har tana juyowa tana ɗaga mana hannu.

"Malam, a taimaka wa Maman beibi mana!" in ji abokin daga can.

Malam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Muna tafe, injin gaba ne ya ƙi tashi."

Da ƙyar muka shiga hanyar. Wani siririn lungu ne na ruwa, itatuwa sun haɗe a sama, saiwoyinsu sun fito waje kamar yatsun tsoho. Gefe da gefe wata ciyawa ce mai dogon ganye da ƙaya a baki kamar zarto, in ta shafi hannu sai ta bar layi. Wurin ya yi tsit, iska ba ta motsi, zafi kamar an kifa tukunya. Ba zan ce ban ga komai ba. Na ga guza, wanda ya fi duk na garinmu girma, yana iyo da kansa a waje, harshe na fita yana komawa. Na ga wani tsiro da ke rataye da 'yan tuluna masu murfi, na leƙa ɗaya na ga ƙwari sun mutu a ciki. Na ga bado, amma furensa ja ne. Malam sai cewa yake, "Kin gani? Kin ga ikon Allah?" Ina gani. Amma duk abin da na kalla, lissafin da nake yi daban ne: yanzu ya tashi, yanzu Hajiya ta ba shi kunu ya ture, yanzu ya je bakin ƙofa yana dukan ƙarfe.

Rana ta take tsaka, lokacin da ya saba sha ya yi barci, sai muka zo ƙarƙashin wata bishiya cike da birai. Wata uwa tana zaune a reshe tana ɓare wani abu tana ci. Ɗanta, wanda ya yi girman da ya kamata ya ji kunya, ya lallaɓo ya cusa kai a ƙirjinta. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta kai masa mari, ta ci gaba da cin abinta. Ya koma gefe ya buɗe baki ya tsala wani siririn kuka.

Kukan nan ne ya gama da ni. Na ji ƙirjina ya yi tsam, kamar an soka min allurai, sai ɗumi ya biyo baya. Nonon ya ɓalle. Ina ji yana ratsa ɗankwalin, yana bin cikina. Kuma zubar ba ta rage ciwon ba, don rigar ta danne komai.

Na ɗora filafilin a cinya na ce, "Malam, ba ni wayata."

"Me za ki yi da waya a nan?"

"Hajiya zan kira."

Ya yi ta ƙoƙarin juyawa, kwalekwalen na tangaɗi, har ya kwanto robar ya buɗe. Ya duba tasa, ya duba tawa. Ya ce babu sabis, ko ɗigo.

Na ce, "To mu koma."

"Mu koma ina? Hanyar zagaye take yi, gaba za mu bi mu fita."

"Gaban nan ka san tsawonsa?"

Bai sani ba. Ya ce in yi haƙuri, ai saboda haka aka kawo ni. Ya ce yaro ba ya mutuwa don ya yi kuka. Ya ce a binciken da masana suka yi, sai na katse shi, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidansa.

Na ce, "Masanan nan su suka haife shi? Tun jiya rabonsa da abin da zai shiga cikinsa. In ya shiɗe fa? Ka san yana shiɗewa in ya yi kuka da yawa. Hajiya ta sani? Ka gaya mata? Ni ban gaya mata ba, na manta!"

"Hajiya ta raini yara kafin a haife ki."

"Ba ta raini wannan ba."

Na tsoma filafili na fara ja da baya da hannu ɗaya. Shi kuma yana turawa gaba. Kwalekwalen ya rasa wanda zai bi, ya gicciye a lungun, hancinsa ya shige cikin ciyawar nan mai zarto, gindinsa ya hau kan wani kututture da ke ɓoye a ruwa. Muka tsaya cak. Malam ya tura, ya zungura, ya jijjiga. Ko motsi. Na kama wani reshe don in ja mu, sai jajayen tururuwa suka zubo min a hannu, masu cizo kamar wuta. Na saki ina karkaɗewa, sauro kuma suka samu wurin zama.

Su ango sun ɓace a gaba, mai usur tana tare da su. Ba kowa sai mu da birai, sun sauko ƙasa-ƙasa suna kallonmu.

A gefen hancin kwalekwalen na ga wuri kamar tudu, ganyaye sun rufe shi, har da wani ɗan tsuntsu yana tafiya a kai. Na ce a raina in tsuntsu ya taka, ai ƙasa ce. Zan sauka in ture mu, in ya so in ja abin nan da hannu har bakin mota.

Malam ya ce, "Ke! Kada ki..."

Na riga na sa ƙafa. Babu ƙasa a wurin. Ƙafar ta tafi kamar an ja ta, har cinya, cikin wani taɓo mai sanyi da laushi. Na rungume kwalekwalen da ƙirjin nan nawa, na saki ƙarar da birai suka watse. Malam ya kwanta ta ɗaya gefen don kada mu kife, yana salati, yana riƙe da igiyar rigata ta baya. Da na zaro ƙafar, ta fito baƙa ƙirin, ba takalmi. Wurin ya rufe kamar ba a taɓa shi ba.

Na koma na zauna. Sai kuka ya zo, irin wanda ba a iya tarewa. Na ce, "Na fasa. Wallahi na fasa. Ana fita daga nan zan je in ɗauko shi in ba shi."

Malam ya ce, a hankali, "In kika ba shi yau, kin san ba za ki sake iyawa ba kafin hutu. Kuma in Gwaggo ta miƙo hannu, ni ba zan iya cewa komai ba. Kin sani."

"Na sani. Ta ɗauka."

Ƙarya nake yi, amma a lokacin har zuciyata na faɗa.

Ƙarar da na yi ce ta dawo da matar. Ta zo tana busa usur, ta dubi yadda muka gicciye, ta dubi ƙafata, ta yi wata magana da Malam bai fassara min ba. Ta ɗaura igiya a hancin namu, ta fizge mu daga kan kututturen, ta ja mu a baya kamar akuyar da aka sayo daga kasuwa. Haka muka ƙarasa zagayen. Ashe saura kaɗan ne, da mun bi gaba da tuni mun fita. Malam bai faɗa ba, amma na ji shi yana son faɗa ta ƙeyata.

A bakin gaɓa ango da amarya suna tsaye suna jira. Matar ta kama ni na fito, ta ɓalle min igiyoyin, ta zare rigar. Numfashin da na ja a lokacin, tun safe ban ja irinsa ba. Sai ta tsaya tana kallon gabana. Hijabin ya jiƙe ko'ina, amma wannan jiƙewar daban take, ga kuma ƙamshin da duk uwa ta sani. Ta dafe kai.

"Ya Allah, kak! Susu!"

Susu dai na sani, shi ne madara, ina saye a kedai. Kak kuwa yaya ke nan a bakinsu. Ta ɗaga murya tana yi wa Malam faɗa, tana nuna ƙirjina, tana nuna igiyar, tana nuna bakinta, wato me ya sa ba a faɗa ba. Abin da na wuni ina ɓoyewa, ta shelanta shi har masu sayen tikiti suka juyo. Abokin Malam nan take ya gano akwai abin dubawa a tayar motarsa, ya tafi ya tsuguna. Amarya ta daina dariya. Ta ciro tawul daga jakarta ta yafa min, ta ba ni silifas ɗinta, ta ce, "Sannu Yaya. Wallahi ban sani ba." Tun safe Maman beibi nake, sai yanzu na zama Yaya.

A hanyar dawowa aka tsuge da ruwa, motoci suka cushe. Sabis na dawowa na duba waya, Hajiya ba ta neme ni ba. Na kira, ta katse. Na sake kira, ta katse. Na ce shi ke nan, suna asibiti. Na zuba wa abin share gilashi ido yana kaiwa yana komowa.

Motar ba ta gama tsayawa ba na fita. Ban jira Malam ba, na shiga lif na danna hawan su Hajiya. Niyyata ɗaya, in ɗauke shi, in zauna ko a dandaɓe ne, in kwance ɗankwalin nan.

Ƙofar katakon a buɗe take don iska, ta ƙarfen ce a kulle, yadda kowa ke yi a benen. Na zo dab da ita zan yi sallama, sai na hango shi.

Yana zaune a ƙasa tsakanin 'yan matan Hajiya, ya ba ni gefe. An sa masa rigar ƙaramarsu, mai fure, ta sauko masa har ƙafa. Idanunsa sun kumbura, gashinsa ya jiƙe da gumi, kana gani ka san ba ƙaramin kuka ya sha ba. Amma ya riƙe kofi da hannu biyu, ya kafa kai. Ina ganin maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Kunu ne, har ya gangaro masa ta haɓa. Ya sauke ya yi ajiyar zuciya mai rawa, irin ta bayan kuka, babbar ta kai hannu za ta karɓa, ya fizge ya ce mata wani abu da dasasshiyar murya.

Hajiya na kan kujera, ta gan ni. Ta zare min ido, ta nuna matakala da haɓa.

Hannuna yana kan ƙarfen. Ƙirjina ya sake yin tsam. Taku uku ne tsakanina da shi. Ban sani ba ko ƙarfen ne ya yi ƙara, ko inuwata ya gani, sai ya fara juyowa.

Na zube. Ban yi shawara da kowa ba, gwiwoyina ne suka yi. Na faɗa bayan katakon da suke jera takalma a bakin ƙofa, na dunƙule, fuskata a cikin takalman makarantar yara, na toshe baki da tawul ɗin amarya.

Na ji ya ce, "Umma?"

Hajiya ta ce, "Wace Umma? Umma ta tafi unguwa. Shanye kununka, ɗan albarka, ka ga Anti za ta shanye maka."

Shiru. Na ƙirga numfashina ina jiran kukan. In ya yi, na san zan tashi. Sai na ji ƙarar kofi a haƙoransa, sannan wannan ɗan sautin na haɗiya.

Da rarrafe na bar wurin har na kai matakala. Malam yana tsaye a can da jakata a hannu, ya ga komai. Ya buɗe baki, na ce, "Malam, don girman Allah kada ka ce ai ka faɗa." Ya rufe. Muka hau sama, na shiga kicin na rufe tagar nan da hannuna, na zauna a ƙasa da taɓon a ƙafata.

Sai da mako ya zagayo Hajiya ta hawo da shi. Ya yi min kallon baƙuwa, ya ƙi zuwa, sai can ya zo ya ja wuyan rigata. Na ce babu. Ya sake ja, na ce babu. Ya kai min duka a cinya, ya tafi neman kofinsa.

Da Gwaggo ta kira, Malam ya juya wayar ta gan shi yana damƙar shinkafa da wake.

Ta ce, "Au. An yaye shi? Wa ya yaye shi?"

Na ce, "Wata maƙwabciyarmu ce, Gwaggo."

"Maƙwabciya." Can ta ce, "To. Kun kyauta."

Da muka je hutu, a bayanta ya wuni kullum, a ɗakinta yake kwana, ni kuma gaisuwata da ƙyar take amsawa. Ban san matsayina ba har ranar komawa, an gama sa kaya a mota, 'yan rakiya sun cika ƙofar gida, shi yana goye a bayanta. Na durƙusa na yi mata sallama. Ta daɗe tana gyara bakin zaninta. Sannan ta kwance goyon, ta miƙo shi ba tare da ta dube ni ba.

Ta ce, "Ga ɗanki."

A gaban mutane ta ce ɗanki. Na ji wata daga baya ta yi 'yar dariya. Na sunkuyar da kai, na karɓe shi, na juya shi baya na ɗaure zanin tam, na shiga mota.